Na'urar Ko-ta-kwana

Da faɗa suka fara, wallahi. Sista ce ta banko ƙofar ɗakin na'urorin asibiti, idonta jajur, ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe bayan akwatin ƙarfe, gumi na zubo masa duk da sanyin ɗakin.

"Kai ne Injiniyan? Wata tsohuwa na sallama da 'ya'yanta kira ya yanke. Kafin ya dawo ta cika!"

A sashen da take aiki ba a barin dangi su shiga, saboda cutar ana ɗauka. Ita ke riƙe wa majinyata kwamfutar hannu su ga iyalinsu ta bidiyo, kuma duk kiran ta wata na'ura guda da ake kira saba yake bi, wato wadda ta mutu ɗin nan.

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Laifina ne. Ba za a sake ba." Ta zo da sauran masifa a bakinta, amma ganin hawayensa sai ta haɗiye.

Wata guda ya yi yana haɗa saba ta biyu a wani gini daban, da layinta da wutarta, ta ko-ta-kwana. Sai dai ba a yarda da irin wannan sai an gwada: ana tsaka da kira a zare wayar ta farko da gangan, a ji ko murya za ta katse.

"Ki yi ta magana kawai, kar ki tsaya," in ji shi.

To, me mutum zai yi ta faɗa? Ranar farko ƙirge ta yi. Ta uku ta ba shi labarin ƙanwarta mai tsoron allura. Kafin gwaji na goma ya san har waƙar da Babanta ke yi in yana aski. Ya sa mata suna Aku.

"Akuna, yau babu gwaji, amma kunnena ya saba. Ko minti biyu?"

"Mai Waya, ka ci abinci tukuna. Na san ka."

Da maganar aurensu ta je gida, Baba ya ce atafau bai yarda ba. Akwai wani likita, ɗan amininsa, da ya daɗe yana masa sha'awarta. "Mai gadin akwati zan ba 'yata? Aikin nasa ma wa yake gani?" Sista ta sha kuka har ta gode Allah. Injiniya ya ja baya don girmama Baba, ita kuwa ta ɗauka ya gaji da ita ne. Wata biyu babu saƙo.

Ana nan cutar ta kama Baba, aka kwantar da shi a sashenta. Dokar asibiti ta hana ta jinyar nata, aka ce ta koma gida. Ita da ke riƙe wa mutane kwamfutar, yau wata ce ke riƙe mata.

Saƙo ya shigo daga Injiniya: "Ki yi hira da Baba hankali kwance. Ina nan zaune. Ba na jin abin da kuke faɗa, gadi kawai nake."

Rana ta shida Baba ya ɗan ji ƙarfi. Ya yi magana da Mama, da ƙanwar, ya nemi gafarar kowa. Can ya ce, "Wai wa ke kula da abin nan, bai taɓa yankewa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Baba. Kwana shida bai je gida ba."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ki ce masa ya turo manyansa. Na so in gan shi, amma kar ya taso daga wurin."

Washegari da hantsi ya rasu.

Bayan wata biyar aka ɗaura aure, Baffanta ne ya tsaya a madadin ɗan'uwansa. Amarya ta yi kuka har kwalliyarta ta wanke, ba wanda ya ce ta bari. Da ango ya durƙusa gaban Mama, ta riƙe hannunsa.

"Ɗana, mijina bai tafi da kalma ko ɗaya a bakinsa ba. Duk abin da yake son faɗa mana ya faɗa, mun kuma ji. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya jiƙan wanda bai ga yau ba."

Ango ya buɗe baki zai ce amin, kuka ya ci ƙarfinsa. Amaryarsa ce ta amsa musu su biyun.