Tsamiyar da Titi Ya Ci

Ana gab da kiran magariba Kulu ta sauke tukunyar shinkafa a tsakar gida, ko kuwa a ce abin da ya rage na tsakar gidan. Tun da aikin faɗaɗa titi ya iso unguwarsu a Birnin Kebbi, katafila ta cinye musu ɗakuna biyu da madafa. Aka bar su da zaure, da ɗaki ɗaya, da zanan da mijinta Labbo ya kafa a gurbin katanga. Ba wanda ya nemi yardarsu. Jan fenti kawai suka wayi gari suka gani a bangon da kakan Labbo ya ɗora da hannunsa.

Dutsen farko a cikin tukunyar ya faɗo. Na biyu ya fasa randa. Kulu ta leƙa ta saman zana da zagi a bakinta, tana zaton leburorin titi ne. Ba kowa. Jar ƙasa ce shimfiɗe, sai ramin da aka tumɓuke tsohuwar tsamiyar ƙofar gida, da kututturenta yashe a gefe. Ta ɗauki dutse ɗaya, ta yar da sauri. Da zafi yake, kamar daga murhu.

Haka aka yi ta yi, duk faɗuwar rana. Sannan 'yarsu Riskuwa, mai karatun jinya, ta daina zuwa makaranta. Ta koma bakin zaure ta zauna, ba ci ba magana, in ubanta ya zo wucewa sai ta bi shi da idon da ba nata ba.

Labbo ya je Argungu ya ɗauko Malam Hodi, dattijon da aka sani da ruƙiyya. Malam ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe gidan. Sai Riskuwa ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Mi yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komi ba. Ni ma ban yi wa kowa komi ba. Cikin tsamiyar nan nike tun babu gidanga. Da kakansu ya zo gini, sai da ya yi muna sallama, ya nemi izini, ya ja katangarshi baya. Ko reshe ba a sara sai an hwaɗa muna. Wanga kuwa," ta nuna Labbo, "ya bi masu awo yana roƙo su gusa turke don zaurenshi ya tsira. Ya ce musu can babu kowa, icce ne kawai. Ku an shafa muku fenti. Mu ko fentin ba mu samu ba."

Kulu ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"An zalunce ka," in ji Malam, "amma wadda ka kama ba ita ta zalunce ka ba. Fita."

"A ba ni zauren."

Labbo ya miƙe. "Gwamnati ta ɗauki rabi, kai ka ɗauki saura? Ni ina zan sa kaina?"

Kulu ba ta san lokacin da ta fizge mabuɗin zauren daga aljihunsa ba. Ta cusa shi a tafin 'yarta. "Ga shi. Ɗauki zaure, ɗauki ɗaki, ɗauki zana. Kowa ya ɗauka, kai ma ɗauka. Bar min ɗiyata!"

Riskuwa ta karkata kai wajen titi, kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Can yatsunta suka buɗe, mabuɗin ya faɗi ƙasa.

"Riƙe abinki, baiwar Allah," in ji muryar, a gajiye. "Mi zan yi da ɗakin da ba zai kai damana ba? Ku dai kai kututturen iccen bakin gulbi. Na tahi."

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce da muryarta, "Inna, ruwa."

Da safe Labbo ya yi hayar kurar ɗaukar kaya, suka kai kututturen gaɓar gulbin Rima. Da suka dawo, Kulu ce ta fara gani. A bangon zaure an shafa jan fenti, ko bushewa bai yi ba.