Mai Lasifikar Jam'iyyu Biyu

A layin karɓar katin zaɓe na Gummi Murjanatu ta fara ganin Khalilu. Yana tsaye bayan wata a-kori-kura da lasifikarsa, yana kiran jama'a su fito su karɓi katinsu, har muryarsa ta dushe. Da ta zo wucewa sai ya ce, "Malama, kin amshi naki?"

Ta galla masa harara. "Mi ya haɗa ka da katina? Irinku na masu sayen na mutane."

"Wallahi ko ganinai ban so. Lambar wayarki kaɗai nika nema."

Sai a haɗuwa ta uku ta ba shi, shi ma tana ja masa aji. Kafin wata huɗu ya zama "Muradina", ita kuma "Sanyin idona".

Ana cikin haka Haris, wani mai shagon waya a Anka da ya daɗe yana sonta tana share shi, ya kai wa mahaifinta Malam Sanda hotuna biyu. Ga Khalilu a babban taron wata jam'iyya da hularsu, ga shi bayan mako ɗaya a taron abokan hamayya da tasu hular.

Malam ya ce, "Wanda ka canza hula kowane mako ba shi riƙe min ɗiya."

Ita ma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta tura masa saƙo: "Muradina, wace fuskar ce taka ta gaskiya? Ko ni ma akwai wata a gefe?"

Ya amsa: "Sanyin idona, zarginki ya fi komi yi min zafi. Gobe zan zo gaban Malam."

A zaure ya durƙusa ya yi bayani. Hayar lasifika ce sana'arsa, masu tsaron ƙofa kuma ba sa barin kowa ya shiga ba hula. Malam ya jefo masa tambaya.

"To wane taron ya fi?"

"Allah shi gafarta Malam, na farko rumfuna da shinkafa da nama, amma daga takarda anka karanto sunan ɗan takara, anka ce an yi sulhu. Na biyu cikin rana deliget sunka yi layi bayan wanda sunka so, anka ƙirga su, har da jifa da kujeru. Kowane da aibinai. Mu talakawa ranarmu guda ce, ranar zaɓe, shi ya sa nika roƙon kowa shi fito."

Malam ya ƙura masa ido. "Da iyalina da masu ɗaukar karatu nan, mun fi mutum hamsin. Hwaɗa min wanda za mu zaɓa, in ba ka Murjanatu yau."

Murjanatu na laɓe bayan ƙofa tana saurare. Khalilu ya girgiza kai.

"Ku yafe min, Malam. Ina sonta awa raina, amma ban iya sayenta da ƙuri'ar mutane. Kowa shi je shi dangwala wa wanda ya yarda da shi."

Can Malam ya yi murmushi.

"Haris da hotunan nan ya haɗo min da sunan ubangidanai na siyasa wai shi za mu zaɓa, ban ko tambaye shi ba. Turo magabatanka."

Ranar zaɓe Malam ne na farko a layi, shi da rabonsa da rumfar zaɓe shekara takwas. Asabar ta gaba aka ɗaura aure. Mahaifiyar amarya ta riƙe hannunta tana hawaye tana cewa, "Allah shi ba ku zaman lafiya, shi raba ku da zargi."

Har yau Malam bai san wa surukinsa ya zaɓa ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Allah ya bar su tare, ya albarkaci zuri'arsu.