Gishirin da Ya Rage a Gindin Tukunya

Ranar da matarsa ta gaya masa, yana zaune a falo yana makin takardun ɗalibai, gilashinsa ya zamo har ƙarshen hanci. Malamin kemistiri ne, mutumin kirki, irin wanda sai ya ba sauro haƙuri kafin ya kashe shi. Ɗalibai suna ce masa Malam Balans, don kullum maganarsa ɗaya ce: abin da ke hagun ikweshan, wato lissafin sinadarai, dole ya yi daidai da na dama. Matarsa kuwa, mai gwajin jini a asibiti, Sodiyam take kiransa tun suna jami'a, shi kuma yana ce mata Kulorin. Wai sodiyam yana da ilektiron guda da ya yi masa yawa, kulorin tana neman guda, ya miƙa mata, suka manne suka zama gishiri. Da wannan bayani ya yi ta zuwa zance har aka ba shi mata. Wasu samarin da mota suke zuwa, suka tashi a banza.

"Sodiyam, ajiye biron nan," ta ce. "Na gwada kaina yau a wurin aiki. Mun kusa zama uku."

Ya miƙe zumbur, takardu suka watse. "Allahu Akbar! Sabon sinadari!"

"Ji shi! Amma don Allah kar kowa ya ji tukuna. Ka san jikina. Bari ya zauna da kyau."

"Ko Yaya?"

"Musamman Yaya."

Yaya ita ce babbar yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. A nan matsalar take. Malam ya ɗauki gidansa ma ikweshan ne, mata a hagu, Yaya a dama. In ya sayo wa wannan takalmi sai ya sayo wa waccan, in wannan ta gaya masa magana sai ya kai wa waccan, wai kar wani ɓangare ya rinjayi wani. A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya riƙe sirrin har washegari da azahar.

Kafin la'asar dangi kaf sun ji, har da waɗanda aka daina gaisawa da su.

Abin da matar take tsoro kuwa shi ya faru. Ba a yi nisa ba cikin ya zube. Aka dawo da ita daga asibiti, ta tarar falonta cike da masu jaje, kowa da nasa bayanin. Yaya ta gyara mayafi.

"Ai na faɗa! Mace da juna biyu tana shaƙar magunguna a ɗakin gwaji daga safe har yamma? Aiki ya fi mata ɗa, shi ke nan."

Matar ta juya, mijinta kawai ta kalla. Malam ya cire gilashi, ya goge, ya mayar.

"To... Yaya tana da gaskiyarta, ke ma kina da taki."

Ya daidaita ikweshan ke nan, bawan Allah.

Da gidan ya watse ta jawo akwati. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Haba Kulorin, me na yi? Ban goyi bayan kowa ba fa!"

"Shi ne abin da ka yi. Kai kake koya wa yara cewa gishiri yana da ƙarfi, wuta ma da ƙyar take narkar da shi. Amma a zuba shi a ruwa, ruwan ya kewaye kowane ayon, wato sodiyam da kulorin ɗin, ya ja wannan nan, ya ja wancan can. Ba Yaya ce ta raba mu ba. Kai ka ɗebo ruwan da hannunka."

Ta tafi gidan mahaifinta.

Malam ya shiga zaman gwauro. Ya rame, rigunansa suka koma kamar na aro. Wata Asabar da rana ya ɗora ruwa zai dafa taliya, ya watsa gishiri, ya koma falo ya zauna yana kallon kujerarta. Ƙaurin tukunya ne ya tashe shi. Ya tarar ruwan ya ƙone ƙurmus, gindin tukunya ya yi fari fat. Ya dangwala ya lasa. Gishirin ne, duk yana nan. Shekara da shekaru yana nuna wa ɗalibai wannan a aji, sai ranar ya tsaya a kicin yana kuka a kan tukunya kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Gidan Yaya ya fara zuwa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ke uwa ce a wurina, har abada. Amma daga yau maganar ɗakina ta tsaya a ɗakina. Kuma abin da kika faɗa mata ranar nan, ba gaskiya ba ne."

"Iye! Ni kake gaya wa haka? Lallai an shanye ka!"

"Ba a shanye ni ba, Yaya. Na makara ne kawai."

Ya yi ta sintiri gidan surukinsa har takalminsa ya san hanya. Matar ba ta nemi saki ba, ba ta kuma zagi Yaya ko sau ɗaya ba. Ta yi haƙuri ta jira ta ga ko ruwan ya ƙafe da gaske. Da ta tabbata, ta dawo.

Ciki na biyu, Yaya ba ta ji a bakin kowa ba, sai da ta gani da idonta ya turo riga. Ta yi fushi, ta ƙaurace, sannan aka haifi yarinya mai irin hancinta sak, fushin ya bi iska.

Haƙuri ya yi ranarsa. Sai dai har yau, in matar za ta gaya masa wani abu, takan ɗan yi shiru tukuna, ta dube shi, kafin ta buɗe baki. Da can ba ta yin haka. Malam yana ganin wannan shirun kullum, ya kuma san wanda ya jawo shi.

Don haka samari, ku girmama danginku, ku kyautata musu iyakar iyawarku. Amma abin da matarka ta ba ka ajiya, ba na rabawa ba ne, kuma ranar da aka zalunce ta a gabanka, tsayawa a tsakiya ma zalunci ne.