Duk Abin da Ya Tashi a Gidanka

Kada wanda ya ƙara ce min in tausaya wa Badamasi. Ni Usman, ni na tuƙa shi a kwale-kwalena zuwa wurin boka Gana, can cikin fadamar Baturiya, kuma da kunnena na ji abin da aka ƙulla.

Tsofaffin ƙarafa Badamasi yake sayarwa a Haɗeja. Sai ya ji ana neman mai kawo kayan gyaran jiragen saman da ake koya wa sojoji tuƙi da su, su taya da birki da famfon mai. Shi kuwa shagonsa ba komai sai tsatsa, amma ido ya rufe.

Da rana tsaka muka isa, cikin bukkar kuwa duhu dunɗum. Fukafukan tsuntsaye ne rataye ko'ina, suna kaɗawa ba iska. Gana ya karɓi wani ruɓaɓɓen famfon mai a hannun Badamasi, ya tsoma a tukunyar baƙin ruwa, ya fito da shi yana ƙyalli kamar yau aka ƙera.

"Idon mutum ba zai gane ba," in ji Gana. "Amma duk abin da ya tashi a gidanka, na masu tukunyar nan ne."

Badamasi ya kwashe da dariya. "Tattabaruna? Ranka ya daɗe, a haɗa har da akurkin!"

"Ka yarda da bakinka?"

"Na yarda."

A hanyar dawowa na ce, "Badamasi, ka ji tsoron Allah. 'Ya'yan mutane ne za su hau jiragen nan." Ya ce tuƙi ya ɗauke ni, ba wa'azi ba.

Kwangila ta samu. Bene ya miƙe, motoci suka cika ƙofar gida. Tattabarun suka zube a mace, ya ce shi ke nan, an gama biya. Sai 'yarsa Ummi ta yanke jiki ta faɗi tana tsintar shinkafa, ko shurawa ba ta yi ba. Matarsa Maijidda ta zare, kullum tana kan katanga ta baza hannuwa. Duk da haka mugun bai daina kai tsatsa tukunya ba!

Saura Abdulfattah, marayan yayansa, wanda Badamasi ya raina tun yana rarrafe. Yaron ya shiga soja yana koyon tuƙin jirgi, aka tura shi daidai inda Baffansa ke kai kaya. Ranar da Badamasi ya ji haka ya zo min, na sake kai shi wurin Gana.

"Tattabaru muka yi da kai!" ya daka wa Gana tsawa.

"Ni na ambaci tattabara? Ummi a gidan wa ta tashi? Shi yaron fa?"

Badamasi ya durƙusa yana roƙo a ɗauki benen, a ɗauki ransa. Gana ya rufe tukunya kawai.

Ko gaɓa ba mu kai ba wayar Badamasi ta yi ƙara. Jirgin Abdulfattah ya faɗo, famfon mai ya koma tsatsarsa a sararin sama.

Yau Badamasi yana bakin kasuwar kifi cikin tsumma, duk tsuntsun da ya gifta sai ya bi shi da gudu yana ihu, "Sauko, ɗana, sauko!" Mutane na cewa Allah sarki. Ni wallahi haushi nake ji, don da ɗan wani ne ya faɗo, da har yanzu yana kan benensa yana cin kaji. Kai mai kwaɗayin da ke shirin sayar da ran 'ya'yan mutane, je ka dube shi da kyau kafin ka zo neman kwale-kwalena.