Jar Fitila a Motar Baba

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu a wata gonar shanu a jihar Dakota ta Arewa, a ƙasar Amurka. Daga ita sai babanta. Gidan da ya fi kusa da su, sai an yi tafiyar mil bakwai. Kaɗaici na damunta ƙwarai.

Ƙawarta ɗaya ce a duniya, Brynn. Ga shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu iyayen Brynn za su ƙaura zuwa wani birni mai nisa. Baba ya yi alkawarin kai ta su yi ban kwana.

Ranar Juma'a da yamma, gidan ya yi mata shiru. Sai ta shiga a-kori-kurar Baba, ta kunna rediyo ba ta tada inji ba. Ta daɗe tana saurare, don dai ta ji muryar mutane.

Da safe suka fita ciyar da shanu. Kamar kullum, ita ke tuƙi a hankali cikin gona, Baba na baya yana jefa musu ciyawa. Can sai ta ga wata jar fitila mai hoton batir ta kama a gaban sitiyari.

"Ni na shanye batir da rediyo," ta ce a ranta. "In Baba ya gani, tafiya ta fasu."

Akwai wani katin kasuwar shanu da Baba ya maƙale a wurin. Sai ta matsar da shi ya rufe fitilar. Wai ita mai wayo!

Da ƙarfe biyu suka kama hanya. Babu gida, babu bishiya, sai dusar ƙanƙara fara fat ko'ina. Rediyo ya fara shaƙewa, ya mutu. Iskar ɗumin da motar ke hurawa ta rage ƙarfi. Motar ta yi tari sau biyu, ta tsaya cak.

Baba ya murɗa makulli. Sai ƙas-ƙas-ƙas kawai. Ya duba wayarsa, babu sabis.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ko fitilar gargaɗi ba ta nuna min ba."

Suka zauna cikin motar, sanyi na shigowa. Yarinyar ba ta taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, ga babanta a gefenta amma ta kasa kallonsa. Daga ƙarshe ta miƙa hannu ta zare katin.

"Baba, ta nuna tun da safe. Ni na rufe ta. Jiya na daɗe ina jin rediyo, na kashe maka batir."

Baba ya juyo ya dube ta. "Haba, 'yata. Da kin faɗa min, ai da tsohuwar motarmu da ke cikin rumfa muka ɗauko."

Ta fashe da kuka.

Wajen ƙarfe uku da rabi wata mota ta ɓullo. Maƙwabciyarsu ce, tsohuwa Ardis, wadda ta fi shekara arba'in tana gyara motocin gonarta da hannunta.

"Kai, Dale!" ta ce wa Baba. "Hutu kuka fito sha a nan, ko akwalar taka ce ta gaji da kai?"

Ta jona batirinta da nasu, motar ta tashi. Sannan ta cire wayoyin, ta ɗauko 'yar mitarta ta auna wutar batir, ta kira yarinyar.

"Zo nan, 'yan mata. Ɗora jar wayar a nan, baƙar a can. Nawa kika gani?"

"Sha ɗaya da ɗigo takwas, Kaka. Yana ma raguwa."

"To, kin gani. In inji na aiki, wajen sha huɗu ya kamata ki gani. Batir tada mota yake yi. Altaneta ce ke mayar masa da caji in ana tafiya. Taku ta mutu."

"Ke nan ba rediyo ba ne?"

"Wane rediyo? Da shi ne, da safe ma motar ba za ta tashi ba. Shigo motata, sarkin kuka, ke da babanki, lokaci na tafiya."

Suka isa gidan su Brynn huɗu saura minti biyar. An riga an rufe babbar motar da za ta kwashe kayansu. Brynn na tsaye a bakin titi, ta ƙi shiga.

"Na ce musu ba inda za ni sai kin zo!" ta ce.

Suka rungume juna. Brynn ta rubuta mata sabon adireshinsu a tafin hannu, suka yi alkawarin wasiƙa duk mako.

A hanyar komawa Baba ya dafa kafaɗarta. "Ko da laifinki ne, ni za ki fara gaya wa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Daga ranar ta gane cewa ɓoye matsala ba ya gyara ta. In ka ga alamar haɗari, ka faɗa wa babba nan take, ko da kana jin tsoro.