Gurbin Tafin Hannu

Kwana uku ya zo yi a birnin. Matafiyi ne mai rubuta abin da ya gani: rumfunan maƙera, hasumiyar da ta ɗan karkace, matan da ke shanya zare a kan soro. A tsohuwar ƙofar ganuwa ya ga wata budurwa a tsugune, tana taya mahaifinta gyaran wani ƙaton ƙyaure. Ta ɗago kai sau ɗaya, alƙalaminsa ya tsaya.

Kwana uku suka zama wata. Tana ce masa Baƙo, yana ce mata Gwanata.

Mahaifinta, Baba masassaƙi, bai yi na'am ba. Ita kaɗai ta gaji sana'arsa, kuma a ganinsa mai jaka a kafaɗa ɗauke masa ita zai yi.

Don ya burge tsohon, Baƙo ya yi sammako ya ɗauki samfefa, takardar goge katako. Akwai wani wuri a jikin ƙyauren da ya yi baƙi wuluk, yana sheƙi. Ya ɗauka dauɗa ce, ya goge shi tas. Bawan Allah, har murmushi yake.

Da Baba ya iso, ya ga abin da aka yi. Sannan ya ce duk mai wucewa nan yake dafawa, tun kaka da kakanni, shi ya sa ba masassaƙin da ke taɓa wurin.

"Har da hannun marigayiya uwarta ka goge," in ji shi. "Kada in ƙara ganinka a gidana."

Da la'asar saƙonta ya shigo: "Baƙo, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ka tafi, ka tabbatar da maganar Baba cewa baƙo ba ya zama."

Ya amsa: "Gwanata, ban san yadda ake mayar da shi ba."

"Ba a mayarwa. Sai dai a zauna, a yi ta dafawa."

Ya zauna. Ya kama ɗaki bayan marina, ya samu aikin koyarwa. Kullum safe da yamma sai ya bi ta ƙofar ya ɗora tafinsa a farin wurin, kansa a sunkuye. Baba na kallo. Kunya ta ci Baƙo ƙwarai, har ya rame.

Bayan shekara, wurin ya soma duhu kaɗan. Wata safiya ya miƙa hannu, sai ya ji wani hannu mai kanta ya danne nasa.

"Ƙasa-ƙasa," Baba ya ce. "A nan marigayiya take dafawa, gajeruwa ce. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure amarya ta roƙi a bi da ita ta ƙofar. Ta dafa tana hawaye, ango ya dafa kusa da ita. Baba ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriyar da za ta ƙarasa baƙanta wurin. Mu da muke wurin duk muka ce amin.