Idanun Motar Idirisa

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi shekarar da ruwa ya ƙi sauka, soja na kan mulki, ya san Idirisa mai bashe. Bashe ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tamfol. Tasa ta tsufa har da igiya yake ɗaure ƙofarta. Da ita yake jigilar hatsi da awaki da fasinja tsakanin Sabon Gari da Tsibiri da Jiratawa, da ita yake ciyar da uwarsa Inna Rahmatu, da matarsa Tsahara, da ɗiyarsu guda, Maijidda. A shekarar da mutanen ƙauye ke jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, su ci, gidansa bai taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Shi dai bai ga wannan ba. Mutum ne mai zafin rai, in ya ga abu a hannun wani sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare.

Abin ya faro ne a bakin magazan, wato siton da ake rabon jar dawar agaji. Tun safe yana layi yana jiran lodi, sai ga wani attajiri cikin farar kat-kat, doguwar mota mai hawa rairayi kamar kwalta. Wani soja ya buga wa bashe gindin bindiga, ya ce a janye wannan tsohon kwano daga hanya. Idirisa ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Matan da ke layi da ƙorensu, yunwa ta rame su, su suka tura shi gefe suna dariya. Direban attajirin ya zo wucewa ya watsa masa fitila a fuska, da rana tsaka, don wulaƙanci kawai.

Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce wa Tsahara sai ya hau wadda ta fi waccan ko da me za a yi. Ta ce Allah ya kawo ta halali. Ya shure kwanon ya fita.

Ya daɗe yana jin fasinja na raɗe-raɗin wani boka a bayan Jiratawa, cikin busasshen gulbi, inda ko masu itace ba sa zuwa. Can ya nufa. Bukka ce ta kara a gindin matacciyar tsamiya, ƙofarta guntuwa, sai da rarrafe ake shiga. An jera ƙahonin shanun da fari ya kashe sun kewaye ta. A ciki tukwane ne a kife, an yafa musu jan ƙyalle da jini ya mayar baƙi, ga fatar bunsuru a rataye tana wari. Abin da ya tayar masa da tsikar jiki wata ƙwarya ce cike da idanun dabbobi, wasu sun bushe, wasu da sauran danshi, duk suna kallon ƙofa. Tsohon yana zaune a bayan ƙwaryar, fitilar aci-bal-bal na ci a gabansa.

Idirisa bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce mota yake so wadda ta fi ta kowa a Maraɗi, da dukiyar riƙe ta, amma a sani ba zai ba da jinin kowa nasa ba.

"Wa ya roƙe ka jini?" in ji bokan. "Bana jini ya yi arha, a bakin hanya ma yana zuba. Motarka za ta zo makauniya. Kai za ka yi mata idanu. Kowane ido ka kunna mata, fitila guda za ta mutu a gidanka."

"Fitila dai?"

"Abin da kunnenka ya ji."

Zuciyarsa ta gaya masa gaskiyar maganar a take, ya danne ta. Ya tambaya fitilu nawa za a ɗauka, a faɗa masa tun yanzu, ba ya son ha'inci.

"Ba ni ke ƙidaya ba," in ji tsohon. "Kai ne."

Aka yanka baƙin bunsurun da ya zo da shi. Bokan ya ƙwaƙule idanun ya jefa cikin ƙwaryar, ya kwaɓa kwalli da toka da wani mai mai ƙarni, ya shafa wa Idirisa a ido har hawaye na zuba. Ya ce ya leƙa cikin kaskon ruwa. Idirisa ya leƙa, ya ga mota baƙa wuluk, gabanta ramuka biyu babu haske. Ya ce ya yarda. Tsohon ya hura fitilarsa ta mutu, ya ce ya fita da baya, kada ya waiwaya.

Wata bai ƙare ba ƙofofi suka buɗe. Wani babba a wurin rabon agaji ya ba shi aikin kai dawa ƙauyuka. Rabi na isa, rabi na sauka a wani sito da ya kama a Sabon Gari, daga nan hatsin ya tsallake iyaka. Makiyaya na kuka suna sayar masa da shanu a kan buhu guda. Bashe kuwa ya sayar wa masu fasa ƙarfe, ko waiwayenta bai yi ba da ake jan ta. Daga tashar jirgin ruwan Kwatano aka kawo masa kat-kat ɗinsa, baƙa, sabuwa, ƙamshin kujerunta na tashi. Komai nata lafiya lau, fitilu ne kawai suka ƙi kamawa.

Ya kai ta garejin Irmiya, wani Kirista ɗan Tsibiri mai gyaran wutar mota, wanda ya sha ɗinke masa wayoyin bashe. Ya tsaya yana zayyana abin da yake so a yi mata: manyan tayoyi, ƙarfen gaba mai ture saniya, baƙin gilashi, rediyo mai kaset, kakaki irin na kamiyo, babbar motar kaya. Sai fitilu: biyun gaba, wasu rawaye a ƙasa, da jeri a kan rufi, yadda in ya taho daga Tsibiri za a hango shi tun daga kasuwa. Irmiya ya bi wayoyin bai ga matsala ba. Ya ce ƙwan fitila irin nata guda ne ya rage masa, ya sa a dama. Idirisa ya murɗa, ta kama.

Da ya koma gida ya tarar da Inna Rahmatu a tsakar gida, faifai a cinyarta, tana tambayar wa ya rufe rana. Idanunta a buɗe suke, sun yi fari kamar nono. Ba ta daɗe ba ta rasu. Ya ce tsufa ne, ya yi sadakar da aka daɗe ba a ga irinta ba.

Yana zaman makoki ya ji 'yan tasha na kiran motarsa mai ido ɗaya. Ransa ya ɓaci fiye da yadda mutuwar ta ɓata shi. A wannan karon ya san abin da yake saye, kada wani ya ce bai sani ba. Da aka samo ƙwan fitila na biyu, yana tsaye a garejin Irmiya yana lissafi a zuci: mutum biyu suka rage, in ta faɗa kan Tsahara, mata ba su ƙare a gari ba. Ya murɗa, fitilar hagu ta kama.

A lakwal Maijidda take, cikin aji, ta ɗaga hannu ta ce wa malamarsu ba ta ganin allo. Aka riƙo ta zuwa gida. Zazzaɓi ya rufe ta, tana kiran Baba ya zo ya kunna mata fitila, har ta daina kira.

Bayan an dawo daga maƙabarta Tsahara ta tare shi a zaure. Ba ta yi kuka ba.

"Malam, ranar da motarka ta samu ido Inna ta rasa nata. Ranar da ta samu na biyu ɗiyata ta rasa. Mi ka sayar?"

Ya daka mata tsawa, ya ce baƙin ciki take yi da arzikinsa, matsiyaciya jikar matsiyata. Irmiya ma ya ce shi ya wanke hannunsa, ba zai ƙara taɓa motar ba, ya roƙe shi don Allah ya tsaya haka nan, biyu sun ishi kowace mota ganin hanya. Idirisa ya zage shi tas. A ganinsa an cuce shi: ya biya da ɗiyarsa, sannan a ce ya tsaya da fitilu biyu kamar kowane direba?

Yana da ƙanwa a Jiratawa, Atika, mijinta ya mutu ya bar ta da yara uku. Sau da yawa ta zo roƙon tiyar hatsi ya ce babu. Sai ga shi da kansa ya je da baƙar mota ya kwaso su, ya ce gidansa ya yi faɗi, su zo su zauna. Unguwa ta yi ta sa masa albarka, ana cewa mutuwa ta tausasa masa zuciya. Shi kuwa fitilu ya tara.

Wani baƙon makanike ya samu, wanda bai san komai ba. Aka sa rawayen biyu. Babban yaron Atika ya faɗi a bakin rijiya yana lalube, ƙanensa ya bi shi kafin a share makoki. Aka fara jerin kan rufi, sai hankalin Tsahara ya gushe. Da rana tsaka za ka gan ta da fitilar ƙwai a kunne tana bin lunguna, tana ɗaga tabarmi tana leƙa tukwane, tana cewa gidan ya yi duhu, Maijidda ba za ta ga hanyar dawowa ba. Maƙwabta suka daina karɓar abincin gidan. In baƙar mota ta shigo layi, uwaye na janye 'ya'yansu ciki.

Saura babbar fitila guda ta tsakiyar rufi, wadda ya sa aka kawo masa daga Kano, faɗinta ya kai faifai. Da safe ya fita da mota aka shiga ɗaura ta. Bai san cewa fitarsa ke da wuya dangin Tsahara sun zo da amalanke sun tafi da ita Tsibiri ba. Atika ta ga haka, ta goya autarta, ko kayan sawarta ba ta ɗauka ba, ta kama hanyar Jiratawa a ƙasa. Ta ce gara yunwa ta kashe su a gidan ubansu. Gidan ya zama kango, babu mai numfashi a ciki.

Da la'asar Idirisa ya hau hanyar Tsibiri don ya gwada sabon idon motarsa. Rediyo na ta kiɗa, ya taka ta sosai. Yana dab da gada ya miƙa hannu ya murɗa. Wani makiyayi da ke kusa ya ce hasken ya fi na rana, har shanunsa suka watse. Shi Idirisa bai ga hasken ba. Duhu ne ya rufe shi gaba ɗaya, yana riƙe da sitiyari yana ihu, motar ta fasa ƙarfen gada ta hantsila cikin busasshen gulbi.

An fito da shi da rai, ƙafafu a karye, idanu fari fat. Soja suka fasa sitonsa suka kwashe abin da ƙwari suka rage, gidan aka rufe, babu wanda ya yarda ya saya. Motar ta daɗe a kife cikin rairayi, fitilunta duka suna ci dare da rana, alhali batirinta ya fashe tun ranar. A garin da ake kwance mota kafin injinta ya huce, ko ƙusa guda babu wanda ya taɓa. Sai da damina ta dawo ruwa ya binne ta.

Ya yi shekaru yana jan gindi a bakin tasha, in ya ji ƙarar babbar mota sai ya bi ta da zagi, yana rantsuwa cewa tasa ta fi ta. Ranar da ya mutu Atika kawai aka aika wa, ta ce a binne shi, ita ba ta da wa.

Kai da ke kallon abin hawan wani zuciyarka na tafasa, ka ji tsoron Allah. Babu bokan da ke da dukiyar ba ka, daga gidanka zai ɗauka, kuma da hannunka zai sa ka miƙa masa. Idirisa an ba shi damar tsayawa a kowane mataki, ya ƙi, har ya cinye uwarsa da ɗiyarsa da 'ya'yan ƙanwarsa don a ce motarsa ta fi haske.